Yadda Ake Gadin Kwamfutar da Ta Bazu a Ƙasashe Arba'in

Duk wanda ya taɓa aika kaya ta FedEx ya san lambar nan da ake bugawa a jikin rasit. Ka shigar da ita a waya, sai ta gaya maka kwalinka ya bar Greensboro da ƙarfe kaza, ya kwana a gari kaza, yanzu yana cikin mota. Iyayenmu masu aiki a rumbunan kaya na wajen filin jirgin sama sun fi kowa sanin abin da ke bayan wannan lamba. Duk ƙofar da kwali ya bi sai an haska shi da na'ura, domin idan ba a yi haka ba, ranar da ya ɓace babu wanda zai iya cewa ga inda ya maƙale.

Akwai wasu masana kimiyya masu irin wannan damuwa, sai dai su lissafi suke aikawa. A kowace rana sukan tura ayyukan lissafi sama da miliyan 2 zuwa cibiyoyin kwamfuta kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40, kuma dole su san wane aiki ne yake layi, wane ne yake gudana, wane ne ya mutu a hanya, kuma me ya kashe shi. Yadda suke sanin haka shi ne abin da nake so in yi wa iyayenmu da ƙannena bayani. Amma sai mun fara ganin inda lissafin yake fitowa.

Ramin Janeba

A kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janeba, akwai cibiyar bincike mai suna CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954. Aikinta binciken abubuwan da suka fi komai ƙanƙanta. Mun san kalmar zarra daga Larabci, kuma da ita ake fassara abin da malaman kimiyya ke kira atam. To ita ma zarrar tana da kayan ciki: firoton da niyutiron a tsakiya, ilektiron a kewaye. Hanyar da masana ke bi su san abin da ke ƙasa da wannan ita ce su gwara firoton biyu da ƙarfin gaske, sannan su duba abin da ya tarwatse. Wani lokaci ƙarfin karon yakan haifar da wata sabuwar ƙwaya wadda ba ta cikin ko ɗayansu, ta yi rayuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, ta rikiɗe zuwa wasu.

Na'urar da ke yin wannan gwarawa sunanta LHC. Rami ne zagayayye mai tsawon kilomita 27, kusan nisan Greensboro zuwa High Point, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Firoton yana zagaya shi sama da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya. A wurare huɗu ake haɗa karon, kuma a kowane wuri an gina wata ƙatuwar na'ura mai kama da kyamara: ATLAS, CMS, ALICE da LHCb. ATLAS kaɗai tsawonta mita 46 ne, tsayinta mita 25. Jami'ar Duke da ke Durham, tafiyar awa ɗaya daga nan, tana cikin masu aiki da ita, har ma an haɗa wani ɓangaren cikinta a can.

Ga inda lissafi ya shigo. Dunƙulen firoton suna giftawa cikin juna har sau miliyan 40 a daƙiƙa, kuma hoton kowace giftawa ya kai kamar megabait ɗaya. Da za a adana duka, da an cika wayar hannu mai gigabait 128 sama da guda 300 a kowace daƙiƙa. Babu mai wannan wurin ajiya, saboda haka aka sa rariya biyu. Ta farko ta lantarki ce zalla, tana tankaɗe miliyan 40 ta bar kimanin 100,000. Ta biyu tarin kwamfutoci ne da ke sake tankaɗewa su bar dubu ɗaya ko 'yan dubbai. Abin da rariya ta zubar ya tafi ke nan har abada. Duk da haka, ɗan abin da ya rage ya isa ya sa a 2023 wurin ajiyar faya-fayan CERN ya haura ekzabait ɗaya, wato gigabait biliyan ɗaya, abin da zai cika irin waccan waya kusan miliyan 8.

Kuma abin da ake nema a ciki ba ya da yawa. Ƙwayar Higgs, wadda aka sanar da gano ta ranar 4 ga Yuli, 2012, sai an yi karo sama da biliyan ɗaya kafin a samu ɗaya. Kamar a ce ka nemo ƙwayar gero guda mai alama a cikin rumbu. A ranar sanarwar, shugaban CERN na lokacin, Rolf Heuer, ya lissafa abubuwa uku da suka kai su ga nasara: na'urar gwarawa, na'urorin ɗaukar hoto, da kuma girid, wato haɗakar kwamfutocin da muke magana a kai.

Aikin gayya

Mutum zai iya tambaya, me ya hana a gina gida ɗaya babba a Janeba a zuba dukkan kwamfutocin a ciki? Dalili na farko kuɗi ne. Kowace gwamnati ta fi son ta sayi kwamfuta ta ajiye a jami'arta, ɗalibanta su koyi aiki da ita, a kan ta aika kuɗin wata ƙasa. Na biyu tsaro ne, domin bayanan da aka kashe shekaru ana tarawa bai kamata a ce kwafinsu ɗaya ne a gini ɗaya ba. Sai aka yi abin da manoma ke yi a gida idan gona ta fi ƙarfin mai ita: aka kira gayya, kowa ya zo da fartanyarsa. Sunan girid kuwa daga layukan wutar lantarki aka aro shi. Idan ka sa caja a bango ba ka tambayar wace tasha ce ta samar da wutar. Haka aka so masani ya aika lissafinsa ba tare da ya damu da wace ƙasa za a yi shi ba.

An tsara cibiyoyin hawa-hawa. Ta CERN ita ce uwa, a nan ake ajiye kwafin farko. Daga nan sai manyan cibiyoyi goma sha wani abu, waɗanda ke riƙe kwafi na biyu a kan kaset na musamman kuma ba sa rufewa dare da rana. Biyu suna nan Amurka: Brookhaven a jihar New York mai hidimar ATLAS, da Fermilab kusa da Shikago mai hidimar CMS. Akwai wasu a Karlsruhe ta Jamus, Lyon ta Faransa, Bologna ta Italiya, da Ingila, Kanada da Koriya ta Kudu. A ƙarƙashinsu akwai cibiyoyin jami'o'i sama da ɗari. Idan aka haɗa duka, ƙwaƙwalen lissafin da ke ciki sun haura miliyan ɗaya.

Sai dai gayya tana da halinta. A gona, mai gayya yana tsaye yana ganin kowa, ya san wanda ya gaji da wanda ƙotar fartanyarsa ta karye. A girid babu tudun da mutum zai hau ya hango kowa. Kowace cibiya da masu ita, da dokokinta, da ranakun hutun ƙasarta, da irin injinan da ta saya. Kuma idan injina suka kai wannan yawa, babu wata daƙiƙa da za a ce dukkansu lafiya lau suke. A ce aiki ɗaya ne kacal cikin ɗari yake lalacewa. Cikin miliyan 2, ayyuka 20,000 ke nan a rana. Saboda haka masu girid ba sa tambayar ko akwai abin da ya lalace, sun riga sun san akwai. Abin da suke nema shi ne a ina, tun yaushe, kuma yana yaɗuwa ko ya tsaya wuri ɗaya.

Jagaba da bugun zuciya

A zamanin fatauci, idan ayari zai tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, madugu ne shugaba, amma akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya. Girid ma tana da nata jagaban. Manhajar da ke rarraba ayyukan ATLAS, mai suna PanDA, ba ta jefa aikin masani kai tsaye cikin kwamfutar da ba ta sani ba. Takan fara tura wata 'yar ƙaramar manhaja ta sauka a can ta duba: akwai wurin ajiya? Kayan aikin da ake buƙata suna nan? Ana iya ɗauko bayanai? Idan komai daidai ne, sai ta kira gida ta ce a turo aiki. Idan ba daidai ba ne, ita ce ta yi asara, aikin masani yana nan a layi bai san an yi ba.

Bayan aiki ya fara, jagaban ba ya tafiya. Lokaci-lokaci yana aika ɗan saƙo gida cewa muna nan, muna aiki, mun ci ƙwaƙwalwa kaza. Ana kiran wannan saƙo bugun zuciya. Idan aka daɗe ba a ji shi ba, sai manhajar ta rubuta cewa bugun zuciya ya ɓace, ta ɗauka aikin ya mutu, ta sake ba wata kwamfuta, wataƙila a wata nahiya. Waɗannan ƙananan saƙonni, miliyoyi a rana, su ne asalin duk wani hoto da taswira da za a gani a allo. Daidai suke da hasken da ake yi wa kwali a kowace ƙofa.

Akwai wata cuta da ta fi ba ni mamaki, wadda masu aikin ke kira baƙin rami. A ce a wata cibiya akwai injina ɗari, ɗaya daga ciki faifansa ya lalace. Lafiyayyen inji yakan ɗauki aiki ya yi awa goma a kansa. Shi kuwa mara lafiyan yana karɓar aiki, ya kashe shi cikin minti ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya ce na gama, a ƙaro. Tunda shi ne kullum hannunsa a sake, shi ake ta ba wa. Kafin ɗan'uwansa ya gama aiki ɗaya, shi ya hallaka 600. Wato injin da ya fi kowa lalacewa shi ne ya fi kowa kama da mai himma. Wanda ya tsaya kusa da shi zai ga fitilarsa tana ci, fankarsa tana juyawa, ba zai ga komai ba. Sai an tara rahotannin dubban ayyuka, an jera su bisa sunan injin da suka mutu a kai, sannan suna ɗaya zai yi tsalle ya fito saman jeri. A nan ne na gane cewa sa ido a girid ya wuce kallon injina ɗaya bayan ɗaya.

Ba a kuma jira sai aikin gaske ya lalace. Akwai manhajoji da ke zagaya kowace cibiya dare da rana da ayyukan gwaji, irin waɗanda an riga an san amsarsu. Ɗaya daga ciki sunanta HammerCloud. Idan wata cibiya ta faɗi gwaji sau da yawa a jere, manhajar da kanta take cire ta daga jerin masu karɓar aiki, ta aika wa masu ita saƙo, ta ci gaba da gwada ta. Da zarar ta fara cin gwajin, sai a mayar da ita. Duk wannan yana iya faruwa tsakar dare, masu cibiyar suna barci, sai da safe su ga labari.

Hanya ma tana ciwo

Bayanai suna tafiya tsakanin cibiyoyin ne ta wayoyin zaren gilashi masu ɗaukar haske, wasu a ƙarƙashin teku. A nan Amurka, hanyar da ke ɗaukar mafi yawan wannan kaya sunanta ESnet, ta ma'aikatar makamashi. Idan waya ta tsinke gaba ɗaya, wannan mai sauƙi ne, kowa zai gani nan take. Mai wuyar ita ce hanyar da ke aiki amma tana yoyo.

Injiniyoyin ESnet sun taɓa ba da labarin wata na'ura a kan hanyarsu da ke zubar da ƙunshin bayani ɗaya cikin kowane 22,000. Ita kanta na'urar ba ta ba da rahoton cewa tana da matsala ba. Wanda ke aika kaya zuwa kusa bai ji komai ba. Amma mai aikawa nesa, gudunsa ya faɗi warwas. Dalili shi ne ƙa'idar intanet ta ce duk lokacin da ƙunshi ya ɓace, mai aikawa ya rage gudu, sannan ya riƙa ƙarawa a hankali yana jiran amsa daga ɗaya ɓangaren. Idan ɗaya ɓangaren yana hayin teku, kowace amsa tana ɗaukar lokaci, kafin ya koma gudunsa na da wani ƙunshin ya sake ɓacewa. Abin da ya tona asirin na'urar shi ne wasu ƙananan kwamfutocin awo da ake ajiyewa a bakin kowace cibiya, masu amfani da manhajar perfSONAR. Ba su da wani aiki sai jefa wa juna ƙunshin gwaji suna ƙirga nawa suka isa.

Sakamakon wannan awo akan zana shi a wani jadawali mai gidaje kamar na dara. Sunayen cibiyoyi a jere ta gefe, su ne kuma a jere ta sama, kowane gida yana nuna lafiyar hanyar da ke tsakanin biyu: kore, rawaya ko ja. Karanta shi ba wuya. Idan gida ɗaya ne ja, matsalar tana tsakanin waɗannan biyun. Idan layi guda ne ya yi ja daga farko har ƙarshe, to ba sai an tambaya ba, mai wannan layin ne ba shi da lafiya. Shi kuma kowane fayil yana tafiya da wata lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, kamar hatimi. Idan ya isa sai a sake lissafawa. In lambobin biyu suka saɓa ko da harafi ɗaya, an san ya lalace a hanya, a sake aikowa.

Duniya a kan allo

Abin da baƙi suka fi gani shi ne taswira. A shekarun 2000, masana a Imperial College ta Landan sun haɗa wata manhaja da ke nuna ƙwallon duniya yana juyawa a allo, bisa taswirar hukumar NASA. Kowace cibiya ɗigo ce mai kumbura gwargwadon aikin da ke cikinta, kuma duk aikin da aka tura sai a ga layi ya tashi daga wannan gari ya sauka a wancan. An riƙa nuna ta a taruka da wuraren baje kolin kimiyya. Masanan Caltech ta Kalifoniya kuma suka haɗa MonALISA, wadda ALICE ke amfani da ita wajen nuna cibiyoyinta a taswira tare da yawan aikin kowace. Ko da ana cewa kai tsaye ake gani, akwai 'yar tazara ta daƙiƙoƙi ko mintuna, domin sai rahotanni sun taso daga ko'ina an tattara su tukuna.

Irin wannan taswira ta yi amfani ƙwarai. Gani ya kori ji. Ministan da ya sa hannu aka fitar da kuɗi, idan ka ce masa akwai girid, magana ce kawai, amma idan ya ga ɗigon ƙasarsa yana haske, ya ga layi ya taso daga Janeba ya sauka a jami'ar garinsu, ya san inda kuɗin ya tafi.

Amma a ganina ƙwallon nan na baƙi ne, kamar falon da ake sharewa ranar salla. Masu gadi na gaske ba shi suke kallo ba. Allonsu cike yake da zane-zane marasa ban sha'awa, galibi a manhajar Grafana: layin da ke nuna yawan ayyuka awa bayan awa, da tulin launuka da ke nuna dalilan mutuwarsu. Ƙwallon yana nuna maka abin da ke faruwa yanzu. Shi kuwa mai gadi yana so ya kwatanta yanzu da jiya da makon jiya, domin ayyuka 500 da suka mutu a babbar cibiya ba labari ba ne, amma 50 a ƙaramar cibiyar da ba ta saba rasa ko biyar ba labari ne. Akwai kuma haɗarin yawan ƙararrawa. Idan allo kullum ja ne, ido yakan saba, ranar da ja na gaske ya zo a wuce shi. Shi ya sa yanke shawarar abin da ba za a nuna ba yake cin tunani kamar na abin da za a nuna.

Su wane ne masu gadin? Da yawansu ɗaliban jami'a ne masu neman digiri na uku, da ma'aikatan cibiyoyi, suna karɓa-karɓa. Tunda duniya zagayayya ce, ba dole wani ya kwana a zaune ba: na Asiya ya miƙa wa na Turai, na Turai ya miƙa wa na Amurka. Janeba tana gabanmu da awa shida a mafi yawan shekara (lokacin sanyi agogonsu ɗaya da na Yamai da Kano), saboda haka lokacin da suke tashi daga aiki, a nan rana ba ta daɗe da yin tsaka ba. Mai gadi ba shi da ikon taɓa injin wata ƙasa. Abin da zai yi shi ne ya rubuta takardar koke a wani tsari na bai ɗaya, ya ce ga abin da na gani, daga ƙarfe kaza, ga misalai, takardar ta tafi wurin masu cibiyar. Mai iya rubuta bayani gajere kuma a fili da Turanci yana da daraja a wannan aiki kusan kamar mai iya lissafi.

Abu ɗaya da allon ba zai faɗa maka ba: kore yana nufin aikin ya kammala, ba ya nufin amsar daidai ce. Idan masani ya rubuta lissafinsa da kuskure, girid za ta maimaita kuskuren sau miliyan cikin natsuwa, komai kore shar. Wannan binciken na wasu mutane ne daban, masu duba ingancin bayanan kansu.

Rabon Greensboro

Kada a ɗauka duk wannan labarin Turai ne. A jami'ar A&T da ke titin East Market akwai masanan da ke bincike a Jefferson Lab, wata cibiya a Newport News ta jihar Bajiniya, tafiyar kamar awa huɗu a mota. A can ilektiron ake harbawa. Farfesa Ashot Gasparian na A&T ne ya jagoranci gwajin PRad, wanda ya auna girman firoton. Kafin nan an yi shekaru ana gardama, domin tsofaffin awo sun ba da kimanin 0.88 na ma'aunin femtomita, wani awo na 2010 kuma ya ba da 0.84. PRad ya ɗauki bayanansa a 2016, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2019: 0.831, wato ya goyi bayan ƙaramin adadin. Femtomita kuwa, ka raba milimita ɗaya gida tiriliyan, ka ɗauki ɗaya.

A&T tana kuma cikin wani gwajin na Jefferson Lab mai suna GlueX, shi kuwa yana tura ayyukansa na kwaikwayo zuwa Open Science Grid, girid ta Amurka da aka kafa a 2005, wadda ita ce kuma ke ɗauke da kason Amurka na aikin LHC. Kwaikwayo a nan yana nufin a sa kwamfuta ta ƙirƙiri karo na ƙarya miliyoyi bisa abin da ka'ida ta ce, a ga yadda na'ura za ta gan su, sannan a kwatanta da na gaske. Wannan yana cin babban kaso na ƙarfin kowace girid. Ke nan ɗalibin da ke zaune a nan garin zai iya tura aiki da yamma, ya buɗe allo ya ga an rarraba shi a jami'o'in jihohi daban-daban, da safe ya tarar da sakamako.

Ga iyayenmu da ke tambayar wane aiki mai karatun fiziks zai samu in bai zama malami ba, ga amsa ɗaya. Kayan aikin da ake gadin girid da su, irin su Grafana, su ne bankuna da asibitoci da kamfanonin jigila ke gadin nasu kwamfutocin da su. Wanda ya iya gano baƙin rami cikin injina dubu ba zai rasa mai nemansa ba.

Idan ka kalli taswirar girid ta LHC, za ka ga Turai cunkushe da ɗigo, Amurka ma haka, Afirka kuwa kusan fayau. Akwai cibiya a Cape Town ta Afirka ta Kudu, kuma masanan Maroko suna cikin ATLAS, na Masar suna cikin CMS. Dalilin ƙarancin bai da alaƙa da basira. Cibiya tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da sanyaya ɗaki dare da rana, da intanet mai faɗi, kuma wanda ya yi hutu a Maraɗi ko Katsina lokacin bazara ya san yadda waɗannan ukun suke. Ana dai horar da mutane. Tun 2010 ake gudanar da wata makarantar fiziks ta Afirka mai yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. An yi ta a Kumasi a 2012, a Dakar a 2014, kuma aikin girid yana cikin darussanta.

Wanda yake so ya ɗanɗana da kansa, akwai LHC@home, shirin da CERN ta fara a 2004. Ana sauke manhaja mai suna BOINC a kwamfutar gida, a zaɓi shirin, sai ta riƙa karɓo ƙananan ayyuka tana yi a lokacin da ba a amfani da ita. Za ka ga jerin ayyukanka a allo, wanda ke jira, wanda ke gudana da kason da ya kai, da wanda aka mayar. Sai dai ƙannena, a nemi izinin Baba ko Mama tukuna, domin kwamfutar za ta yi zafi, fankarta za ta yi ƙara, kuma kuɗin wuta zai ɗan ƙaru a ƙarshen wata. Kada kuma a sa ta a kwamfutar makaranta ba da sanin Malam ba. A ɓangaren shirin mai suna SixTrack, wanda ke kwaikwayon yadda firoton ke zagaya ramin, ana ba kwamfutoci biyu da ba su san juna ba aiki iri ɗaya, kuma ba a karɓar amsarka sai ta yi daidai da ta ɗayan. In sun saɓa, a tura wa ta uku.